Kara a Mararraba: Kyauta da Kayan Wani

Jama'a, ku yi mini aikin gafara, yau ba maganar waƙa ko nahawu na zo da ita ba. Wani abu ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da shi a wannan fili ba, to ba inda zan kai shi. Kuma tun da wuri ina gargaɗin mai karatu, wanda na zo yi wa faɗa mutumin kirki ne, mai fara'a, mai kawaici, irin wanda iyayenmu ke cewa mu yi koyi da shi. Sunansa mai kara. A zaure ina girmama shi, a bakin akushi ina sa masa albarka, amma in ya riƙe sitiyari ya iso mararraba, wallahi ba ni da abokin gāba kamarsa.

Bari in fara da inda abin ya same ni. A Amurka, da Kanada, da Afirka ta Kudu, akwai wata irin mararraba da ba mu saba da ita ba. Tituna biyu ne suka gitta juna, ba danja, ba shataletale, ba ɗan sanda mai ba da hannu. A bakin kowace kusurwa daga cikin huɗun an kafa jan allon nan mai gefe takwas da ke umurtar direba ya tsaya cik. Watau wanda ya fito daga gabas ya tsaya, na yamma ya tsaya, na kudu da na arewa su ma su tsaya. To, in kowa ya tsaya, wa zai fara tashi? Nan ne gizo ke saƙar.

A takarda dai dokar ba ta da wuya. Wanda ya riga tsayawa shi ke riga wucewa. In mota biyu suka iso tare, na hagu ya dakata wa na damansa. In suna fuskantar juna ne, mai karya kwana zuwa hagu ya jira mai miƙewa. Mai tafiya a ƙasa kuwa, in ya sa ƙafa a mashigarsa, kowa ya saurara masa. Shi ke nan. Na haddace wannan cikin dare ɗaya, na ci jarrabawar lasin, na fito ina jin kaina wani gwani. Ashe baƙo ko da idonsa makaho ne.

Cikin watan Janairu na 2019, ina shekarata ta farko a wani ƙaramin garin jami'a a tsakiyar Amurka, na fito da sassafe a wata tsohuwar mota da na saya hannu. Ƙanƙara ta kwana tana zuba, titi ya yi santsi kamar an shafa masa man shanu. Na iso mararraba daga kudu, na tarar da mutum biyu sun riga ni. Wani dattijo a babbar mota ya zo daga gabas, watau damana, shi ne na farko. Wata mata ta zo daga yamma, ita ce ta biyu. Ni ne na uku, kuma na san ni ne na uku. Sai dattijon nan ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu yana yi mini alamar in wuce. Na girgiza kai. Ya sake yafito ni, har da sunkuyar da kai. Nan fa tarbiyyar gida ta motsa: babba ya ce bismilla har sau biyu, ina ni ina musu? Na ɗaga ƙafa daga birki na taka totur. Ita kuwa matar, da ta ga na farko ba shi da niyyar tashi, ta san hannu ya dawo gare ta, sai ta shigo. Na taka birki, ƙanƙara ta ce ba ta san zancen ba. Sai ji na yi gam! Gaban motata ya shige ƙofarta ta baya.

A bayan ƙofar nan akwai yaro ɗan shekara biyu ɗaure a kujerarsa. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba, kuka kawai ya tsala. Amma har yau in na tuna yadda uwar ta fito tana kyarma, ta kasa buɗe ƙofar da ta lotsa, sai in ji gabana ya faɗi.

Da ɗan sanda ya zo, na ce, “Yallaɓai, ai ba ni hannu aka yi.” Ya ce, “Malam, wa ya ba ka?” Na waiga in nuna dattijo, sai wayam. Ya kewaye mu ya yi tafiyarsa, wataƙila ma yana jin tausayinmu. Ɗan sandan ya rubuta mini takardar tara, ya ce doka ba ta san ɗaga hannu ba, abin da ta sani shi ne matar ta riga ni tsayawa. Na biya tara, na biya gyara, kuɗin inshora ya hau ya zauna a wuyana shekara uku. Mai kara kuwa ko sisi.

To, ga abin da nake son mu duba da idon basira. Mene ne dattijon nan ya ba ni? Mutum yana kyauta ne da abin da ya mallaka. Hannun da ke gare shi a mararraba ba mallakarsa ba ne, matsayi ne a cikin layi, kuma duk wanda ke cikin layin ya gina lissafinsa a kansa. Littattafan koyar da tuƙi na can ma sukan nanata cewa doka ba ta mallaka wa kowa hanya, tana faɗin wanda zai dakata ne kurum. Ɗalibai sun fi kowa sanin wannan. In muna layin abinci, na gaba ya jawo abokinsa daga can baya ya sa shi gabansa, wa ya biya kuɗin wannan alheri? Shi bai rasa komai ba, yana nan a gaba. Waɗanda ke tsakani su aka zalunta. In da gaske yake, ai sai ya koma bayan layi ya bar wa abokin gurbinsa. A mararraba kuwa ba damar komawa baya. Mai kara yana nan kan gaba, ya tsallake na biyu ya zaɓi na uku, ya karɓi godiya, ya bar na biyu cikin duhu. Haka matan adashi ba za su yarda mai kwasar farko ta miƙa wa ta uku kuɗin ba tare da an tambayi ta biyu ba, sa'an nan kuma ta ce wata mai zuwa ita ce da kwasa.

Daɗin daɗawa, hannu ɗaya ne ake ɗagawa, amma ido shida ke kallonsa, kowanne da fassararsa. Ni na ɗauka da ni ake. Matar nan, in ma ta ga hannun, tana iya ɗauka da ita ake. Mai keke da ke gefe shi ma haka. Gilashin mota yana ƙyalli da rana, da dare kuwa ba a ganin na ciki sam. Wani ya kori ƙuda, wani ya gyara tabarau, sai ka ɗauka an ce ka wuce. Kuma shi mai ba da hannun ba ya ganin abin da ke bayan motarsa, balle abin da ke zuwa a layin da ke gefensa. Ya tabbatar maka da lafiyar hanyar da shi kansa bai duba ba. Shi ya sa a wasu jihohin Amurka kotuna suka taɓa ɗora wa mai ɗaga hannu wani kaso na alhakin haɗari. Ni a ganina ba su yi tsanani ba.

Na san wani zai ce, haba Malam, ashe kirki ya zama laifi? Ba haka nake nufi ba. Karar da muka sani ta bakin ƙofa ce. Mutum biyu suka iso zaure, wannan ya ce bismilla, wancan ya ce a'a, kai dai bismilla, a yi ta ja har ɗaya ya gaji ya shiga. Ba wanda ya cutu, domin su biyu ne, a ƙafa suke, suna jin muryar juna, in ma suka yi karo kafaɗa ce ta gogi kafaɗa, sai dariya. Ɗauki wannan ɗabi'a ka sa ta cikin ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da rabi, ka rufe gilashi, ka ƙara mutum biyu, ka zuba ƙanƙara. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A kan titi abin da ɗan'uwanka ke buƙata daga gare ka shi ne ya san abin da za ka yi kafin ka yi shi.

Amma kada in zama azzalumi in ɗora wa dattijo kayan duka. Shi ma tsarin ne ya ba shi ƙofa, kuma tsarin yana da ramuka da ya kamata a tona.

Na farko, wa ya riga? Doka ta sa idon ɗan Adam alƙalanci a kan abin da ba ya wuce ƙiftawa da bismilla. Mutum yana taka birki, yana duba mai tafiya a ƙasa, yana sauraren yara a baya, kuma ana so ya riƙe a ka cewa farar mota ta riga shuɗiya, shuɗiya ta riga shi. Ga shi kuwa yawancin direbobi ba sa tsayawa cik. Sassautawa suke yi, taya na mirginawa a hankali, su leƙa su wuce. Wanda bai tsaya ba, daga yaushe za a fara ƙirga masa? Wani ma da gangan yake cije birki tun da sauran tazara kafin layi, don a ce shi ya riga tsayawa. Na biyu, dokar nan ta dama tana aiki ne in mota biyu ko uku ne. In huɗu suka iso tare, kowa yana da wani a damansa, an zaga an dawo. Dokar ba ta ce uffan ba a nan. Sai dai mai ƙarfin hali ya kutsa, ko mai kara ya ɗaga hannu, kuma in aka yi rashin sa'a masu ƙarfin hali biyu suka haɗu, sai makaniki ya samu ciniki. Na uku, in lokacin tashi daga aiki ya yi, layi ya yi tsawo ta ko'ina, ba wanda ke bin wa ya riga wa. Mutane sukan koma wata al'ada ta kansu, gabas da yamma su wuce tare, sa'an nan kudu da arewa, al'adar da baƙo ba zai same ta a littafin jarrabawa ba. In kuwa kowane titi layi biyu ne, mota takwas ke nan ke hararar juna.

Akwai kuma na huɗu wanda ya fi su mugunta. Jan allon da ke mararrabar da kowa ke tsayawa, shi ne dai a mararrabar da ɓangare biyu kaɗai ke tsayawa, masu babban titi suna shararawa abinsu. Abin da ya bambanta su wani ɗan ƙaramin allo ne da ake maƙalawa a ƙasan babban. In ya ɓace, ko ƙanƙara ta rufe shi, ko kai baƙo ne ba ka lura ba, sai ka tsaya, ka hango mota tana tahowa, ka ce ai ita ma za ta tsaya, ka shiga. Ba za ta tsaya ba.

Shi allon nan ba jiya aka fara shi ba. A birnin Ditiroyit na jihar Mishigan aka fara kafa irinsa a 1915. Cikin shekarun 1920 aka tsayar masa da siffar gefe takwas, don direba ya gane shi ko ta bayansa ya hango. Rawaya ne da baƙin rubutu har 1954 da aka mai da shi ja da farin rubutu. Yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a Biyana a 1968 ita ma ta karɓe shi, shi ya sa ake ganinsa kusan ko'ina a duniya. Amma karɓar allo daban, kafa shi a kusurwa huɗu daban. Ingila ba ta yin haka. Yawancin Turai sukan ware babban titi da ƙarami, a san mai hannu tun kafin a iso.

To me ya sa Amurka ta cika da su? Ina ganin amsar ba ta wuce araha da siyasa. Allo huɗu da turke huɗu, aikin yini guda. Mutanen unguwa suka ga motoci na gudu a ƙofar gidajensu, sai su tasa kansila gaba, shi kuwa yana son ƙuri'a, sai a kafa allo. Alhali babban littafin ƙa'idojin alamomin hanya na ƙasar, wanda aka fara bugawa a 1935, ya hana a yi amfani da allon tsayawa don rage gudu. Bugunsa na 2009 ya gindaya sharuɗɗa kafin a tsayar da kowa da kowa, alal misali a samu haɗari biyar ko fiye cikin wata goma sha biyu na irin waɗanda tsarin zai magance, ko kuwa yawan motocin ya kai wani adadi. In aka yi biris da wannan aka dasa allo a inda ba mota, direba yakan tsaya sau ɗari bai ga kowa ba, sai ya daina ɗaukar allon da muhimmanci. Rannan da zai tsallake shi, rannan ne yaro ke tsallakawa.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan ɓoye ta don ta saɓa wa fushina ba: mararrabar da kowa ke tsayawa ta fi wadda ɓangare biyu ke tsayawa tsare rai, musamman a hanyoyin karkara inda ake sheƙa gudu. In kowa ya rage gudu, ko an yi karo ƙarfe ne ke lotsewa. Yaron nan da ya tsira, rashin gudu ne sanadin tsirarsa bayan ikon Allah. Haka nan in danja ta mutu, ba wata dabara da ta fi kowa ya tsaya a bi da bi, kuma mutanen Afirka ta Kudu sun sha wannan a shekarun da aka yi ta ɗauke musu wuta, musamman 2023. Amma duk wannan amfani ya rataya ne a kan abu guda, watau kowa ya kama matsayinsa. Mai kara shi ke zare wannan turke.

In ana son a ga tsirarar tsarin, a dubi abin da ya sami motocin nan masu tuƙa kansu. Jaridar New York Times ta ba da labari a 2015 cewa wata motar gwaji ta kamfanin Google, a 2009, ta maƙale a irin wannan mararraba ta kasa wucewa. Dalili kuwa, an koya mata doka tsantsa, tana jiran sauran motoci su tsaya cik kafin ta tashi, su kuwa 'yan Adam sai matsowa suke yi kaɗan-kaɗan suna shigewa. Kamfanin Tesla ya bi ta ɗaya hanyar, ya koya wa tasa halin mutane, ta riƙa mirginawa ta wuce ba tare da ta tsaya sosai ba. A watan Fabrairu na 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta sa aka gyara motoci kusan 54,000 don a cire musu wannan hali. Kun ji fa. Na'urar da ta bi doka ta kasa motsi, wadda ta bi mutane ta taka doka. Wane irin tsari ne wannan, da sai an haɗa da karatun fuska da ɗan taurin kai kafin ya yi aiki?

Magani kuwa ba ɓoye yake ba, kuma mu nan mun san shi tun muna yara, wato shataletale. Wani Ba'amurke, William Phelps Eno, wanda ake yi wa laƙabi da uban dokokin hanya, shi ya sa motoci suka fara zagaya dandalin Kolombos na birnin Niyok ta fuska ɗaya a 1905. Abin dariya, shi kansa bai taɓa koyon tuƙi ba. Irin waɗannan tsofaffin da'irori sukan cushe, domin mai shigowa ake ba hannu. Ingila ce ta juya dokar a 1966, ta ce mai shiga ya jira wanda ke ciki, kuma wani injiniyanta, Frank Blackmore, ya ƙirƙiro ƙaramin shataletale da zai shiga ko a matsattsen wuri. Injiniyoyi sun ƙirga cewa a mararraba mai ƙafa huɗu akwai wuri 32 da hanyar mota ke iya cin karo da ta wata, a shataletale mai layi ɗaya kuwa 8 ne kacal. Abin da ya fi burge ni shi ne tambaya ɗaya tak yake yi wa direba: akwai mota a ciki tana tahowa? Ba ruwanka da wa ya riga, ba ruwanka da fuskar kowa. Amurka ba ta fara gina irin na zamani ba sai 1990, a jihar Nebada. Garin Karmel na jihar Indiyana, a zamanin magajin gari Jim Brainard wanda ya hau a 1996, ya gina fiye da 150. Ashe dai ba jininsu ne ya ƙi abin ba.

Kada kuma ɗan'uwa ya karanta wannan ya yi ta ƙyaƙyata wa Amurkawa dariya. Mu da muke da shataletalen, sau nawa mai shiga ke jiran na ciki? A wurinmu sau da yawa girman mota da ƙarar ham su ne alƙalai. Nasu ciwon yawan kara ne, namu rashinta, kuma asibiti ɗaya ake kai mu.

Bayan haɗarin nan na yi wata biyu ina kewaye mararrabar, gara in ƙara mil guda da in bi ta nan. Wani Alhaji ɗan ƙasarmu da ya shekara talatin yana tuƙin haya a can shi ya zaunar da ni. Na ce, “Baba, to in babba ya ba ni hannu yaya zan yi?” Ya ce, “Yaro, ba ka gan shi ba.” Ya koya mini in tsaya cik har motar ta ɗan yi baya, don kowa ya shaida lokacin da na tsaya. In hannuna ne, in tashi nan take ba waiwaye, ko da na kusa da ni sa'ar kakana ne. In ba nawa ba ne aka yafito ni, in cire hannuwana daga sitiyari in ɗora a cinya, in kau da kai.

Ranar da na fara gwadawa, wata tsohuwa ce ta riga ni isowa. Ta ɗaga hannu, na dubi rediyo. Ta haska mini fitila, na dubi sama. Na bayanta ya danna ham. Ta buga sitiyari da tafin hannu, ta ja motarta ta wuce tana harara ta, bakinta na motsi, kuma ba na zaton albarka take sa mini. Na ƙirga wanda ya biyo ta, na ga ni ne, na sa giya.